Maganin da na ce Yaya Attahiru ya ajiye

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Attahiru, direban babbar mota mai ɗaukar albasa daga Sakkwato zuwa kudu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makarantar horon malamai, a gidansa na Runjin Sambo kuma aka ɗaura mini aure. Duk shekara idan watan nan ya kama nakan ɗauki biro don in rubuta labarinsa, sai in ajiye. Bana na hana kaina ajiyewa.

Ciwon daga ƙafa ya fara. Ya dawo daga wata doguwar tafiya ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ga zafi kamar an gasa ta. Mutanen tasha suka ce sanyi ne, wasu suka ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Matarsa Asma'u ce ta matsa sai da ya je asibiti. Aka duba aka ce jini ne ya daskare a cikin jijiya saboda yawan zama wuri ɗaya. Aka yi masa allurai, aka sallame shi da wata 'yar ƙwaya ta tsinka jini, aka ce ya riƙa zuwa gwaji.

Kumburin ya saɓe, ya koma bakin aiki. Gwajin ne ya gagara, don ranar da aka ba shi takan same shi a hanya. Sai ya fara ganin jini a asuwaki. Wata Juma'a na je gaishe su na tarar yana zaune a tsakar gida da tsumma a hanci, haɓo ya ƙi tsayawa tun kafin a tafi masallaci. Asma'u ta fita neman ƙanƙara. Ya dube ni ta saman tsumman.

"Luba, ke ad da boko. Mi kinka gani?"

Na ce, "Yaya, maganin ga shina ƙare maka jini. Ƙafa ta warke, ka aje shi hakanan."

Bai yi mini musu ba. Bai taɓa musu da ni a kan abin da yake ganin na karatu ne ba. Ni kuwa Hausa nake koyarwa a firamare, ban san komai game da jini ba. Tsoro ne ya yi magana da bakina.

Bayan 'yan makonni ya dawo daga wata tafiyar. Ya yi alwalar azahar, ya miƙe, ya dafe ƙirji ya ce numfashi ya ƙi shiga. Kafin keke mai ƙafa uku ya kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Da aka yi arba'in na nemi likitar da ta duba shi. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali. Ta ce akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a cikin jini. Da zarar jijiya ta ji rauni sai su farka, su yi danƙo, su manne a bakin raunin suna jawo 'yan'uwansu. Daga nan sinadaran jini su riƙa ta da juna, wannan ya ta da wancan, har a saƙa zare kamar raga a ɗaure toshiyar. Rahama ce, in ji ta, ba don ita ba ƙaramin yanka ya isa ya kashe mutum. Amma idan jini ya daɗe kwance a ƙafa, saƙar takan faru inda babu rauni, gudan ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe huhu. Ƙwayar da aka ba shi rage saurin saƙar take yi. Na ce mata ya bar shan ta, na tambaye ta haɓon fa. Ta ce alama ce maganin ya yi masa yawa.

"Da ya dawo, rage masa kawai za mu yi," in ji ta. "Wa ya ce ya bari?"

Na ce ban sani ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ce yanzu akwai sababbin ƙwayoyi da ba sa buƙatar yawan gwaji, irin da suka dace da mai rayuwa a kan hanya. Da ya yi dariyar nan tasa ya ce sun makara. Amma a tasha ban ga abin da ya sauya ba. Direbobi na nan suna kwana biyu a kujera, sun ma rage tsayawa miƙe ƙafa saboda tsoron hanya. Wanda ƙafarsa ta kumbura har yanzu sanyi ake ce masa. Masu ba da shawara irina kuwa sun ƙaru, kowa da waya a hannu, kowa likita. Bara wata maƙwabciyata a Arkilla ta ce za ta ajiye nata maganin saboda wani saƙo da aka turo mata. Na roƙe ta har da hawaye, ta dube ni kamar na zautu.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, na yi imani da haka. Malamai sun faɗa mini, na faɗa wa kaina. Sai dai sanin bai taɓa sauke mini nauyin ba.

Me ya rage na Yaya Attahiru? An sayar da motar. Abokan tasha sun daina ambatonsa. Akwai 'ya'yansa huɗu, akwai ni da ya ilimantar, akwai yardar da ya yi da ni, wadda ta fi komai ci mini rai. Ko Asma'u bai gaya wa dalilin barin maganin ba. Ya ce mata ya gaji da shi ne, ya rufa mini asiri har kabari. Shekara bakwai tana ganin taurin kansa ne ya mayar da ita gwauruwa, ni kuma ina zaune kusa da ita ina ba ta haƙuri. Gobe da hantsi zan je in gaya mata da bakina, kafin wani ya karanta mata wannan. Ban san ko za ta sake buɗe mini ƙofa ba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya wanke shi daga laifin da ba nasa ba.