Gwaggo Mai Banda da Yajin Yara

Da safen nan, ko kumallo ban karya ba, waya ta yi ƙara. 'Yar Gwaggo ce daga Kazaure. Ta ce, "Yaya, Gwaggo ta cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a bakin gado. Na san ta tsufa ƙwarai, na san ranar nan tana zuwa, amma da ta zo sai na ji kamar ba a taɓa gaya mini ba.

Da yawanku ba ku san Gwaggo Mai Banda ba. Ba ƙanwar ubana ba ce, ba mu haɗa jini ba. Ni kuma ba mai dogon karatu ba ce, ku yi haƙuri da rubutuna. Yau dai ba zan iya yin shiru ba.

Na san ta ne a shekarun fari, lokacin da naira take sabuwa. Ana ta cewa ƙasa ta yi arzikin mai, ana shimfiɗa kwalta, manyan motoci suna ta wucewa. Mu a rugarmu, tsakanin Roni da Kazaure, ba abin da muke gani sai shanu suna faɗuwa. Ni Bahaushiya ce, aure ya kai ni gidan Fulani. Gidan da abincinsa nono ne, ga nonon ya ƙafe. Maigidana ya kora sauran shanun kudu neman ciyawa. Ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna, da ɗana na fari da ban daɗe da yaye shi ba.

Yaron ya fara lalacewa. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja. Ba kuka, ba dariya, sai kallo. Kunun gero tsura nake ba shi, shi ne abin da muke da shi.

Kun san kunyar ɗan fari. Ba na faɗin sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, balle in buɗe baki in ce ina tsoron zai mutu.

Amma ina tsoro.

Ranar kasuwa nakan ɗora itace a jaki in kai bakin ruwa a Kazaure, wurin masu bandar kifi. A can na ga abin da ya ba ni mamaki. Kifin da masunta suka fito da shi da safe, kafin azahar ya fara wari. Wanda aka ɗora a mota zuwa Babura, da yawa a hanya yake ruɓewa. Masu banda kuma su watsa shi a wuta mai ƙarfi da kayan cikinsa, waje ya ƙone, ciki ɗanye, bayan 'yan kwanaki sai tsutsa. A kwashe a zubar. Ga yunwa a gari, ga abinci a juji.

Gwaggo ba haka take yi ba. Ta samo tsohon duro daga masu aikin titi, ta ƙone shi tas, maƙeri ya yanke mata shi ya sa raga a ciki. Tun kifi yana motsi take saye. Ta fasa cikinsa ta fitar da komai, ta wanke, ta shafa gishiri, ta bar shi ya tsane. Tarwaɗa ta naɗe ta da tsinke. Sannan wuta kaɗan-kaɗan, hayaƙi ya yi aikinsa. Ba ta yarda da gaggawa. In tana so ta san ya bushe, sai ta ɗauki biyu ta gwara su kusa da kunnenta ta saurara.

Ana yi mata dariya, wai tana rage wa kifi nauyi. Amma nata ne yake kaiwa har kasuwannin kan iyaka ya yi watanni bai yi komai ba.

Wata rana ina sauke mata itace, ta dubi bayana.

"Ke 'yar nan, sauke yaron nan in gani."

Na sunkuyar da kai na ce, "Na Inna ne."

Ta ce, "Na Inna ko na Baba, sauke shi. Ni ba surukarki ba ce, ajiye kunyar nan a gindin itacen."

Ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya loma bai taso ba. Sannan ta jawo kwandon banda ta karkaɗe gindinsa a faifai. Ɓurɓushi ne, da karyayyun wutsiyoyi, da 'yan ƙananan kifi da ba mai saye. Sauran mata kaji suke watsa wa. Ita tarawa take yi.

Ta sa ni na daka shi a turminta, har da ƙayar, sai da ya yi laushi kamar gari. Ta ƙara ƙuli-ƙuli da 'yar citta, ta tankaɗe.

"Ki riƙa barbaɗa masa a fate da miyar kuka, safe da yamma. Kuma ki kai shi asibiti su duba shi, ni ba likita ba ce."

Na ce, "Gwaggo, kifi ba ya shiga gidanmu. Inna ta ce ƙarninsa yana ɓata ƙoren nono."

Ta yi dariya. "Wane nonon? Wanda babu?"

Ni ban yi dariya ba. Ta lura. Sai ta ce, "To, ba na koya wa 'yar mutane ƙarya. An daka ko ba a daka ba?"

"An daka."

"Da citta ko babu?"

"Da citta."

"Barbaɗawa ake yi?"

"E."

"To ai yaji ne. Ki ce mata yajin yara ne."

Haka na shiga da shi gida a ƙulle a bakin zane. Inna ta tambaya, na ce yajin yara ne. Ta dube ni, ta dubi ƙullin, ta ci gaba da aikinta.

Na kai yaron asibiti kamar yadda Gwaggo ta ce, suka ba shi magani, suka ce abinci mai gina jiki yake bukata. Abin da nake da shi ke nan a bakin zane.

A hankali kumburin ya sauka. Wata safiya na ga yana jan wutsiyar ɗan akuya yana ƙyalƙyala dariya. Na shige ɗaki na yi kukana, don kada Inna ta gani.

Duk ranar kasuwa ƙullina yana ajiye a ƙarƙashin faifai. Ba ta taɓa cewa in gode mata ba. In na fara sai ta ce, "Itacen nan naki ɗanye ne, shi za ki gyara."

Da damina ta sauka, shanu suka dawo, nono ya samu. Ranar da Inna ta fara kaɗa mai, ta cika 'yar ƙwarya da man shanu ta rufe da faifai ta miƙo mini.

"Kai wa mai yajin nan. Ki ce ta ƙaro." Har na juya ta ƙara da cewa, "Ki ajiye shi a ɗakinki, nesa da ƙorena."

Ashe tun ranar farko ta sani. Ƙarni ba ya ɓoyuwa ga hancin Bafulatana. Amma har Allah ya karɓi ranta, yaji take ce masa, ni ma yaji nake cewa.

Da na gaya wa Gwaggo, ta yi dariya har da hawaye.

Daga baya ta koya mini sana'ar gaba ɗaya. Da ita na riƙe 'ya'yana. Matan da suka koya a hannunta suna nan a Gwiwa, a Babura, har Kanya Babba. Kowacce ka je gidanta za ka tarar da tukunyar ɓurɓushi a gefe, ba ta sayarwa ba ce. Sharaɗin Gwaggo ke nan: gindin kwando na yaran unguwa ne.

Har yau in na ga an ɗauke wuta, kifi ya lalace a firij an zubar, sai in tuna da ita da duronta.

Ganina da ita na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne. Idonta ya tafi. Na je da ɗan nan nawa, shi ya tuƙa ni. Na kai mata banda da na yi da hannuna. Ta laluba ta ɗauki biyu, ta gwara su a kunnenta.

"Kin yi gaggawa," in ji ta. Ni da nake da jikoki!

Sannan ta ce, "Wa kika zo da shi?"

Na ce, "Na Inna ne."

Ta kama damtsensa da hannu biyu, hannun bai zagaye ba. Ta danna da yatsa kamar ranar farko. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Yaji ya yi aiki."

Da muka tashi tafiya ta riƙe mayafina ta ce, "Kada ki zubar da gindin kwando."

Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinta.

Ɗan nan nawa ya sa wa 'yarsa ta fari sunan Gwaggo. Mai-Yaji muke kiranta, don bakina bai taɓa furta sunan ba, tun ranar da na sauke mata itace har yau. Yanzu haka ina jin motarsa a ƙofar gida, ya zo ɗaukata mu tafi Kazaure.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka. Ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka yalwata mata shi. Yadda ta ciyar da 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna. Ka jiƙan Inna, ka haɗa su a can. Ka ba 'ya'yanta da mu haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a, ko sau ɗaya. Sunanta Hauwa'u. Yau na faɗa, don ku san wadda za ku roƙa wa.