Abin da Fitilar Funtua ta Gani a Kuncina na Hagu

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Aji huɗu na yi a firamare, amma a ƙauyenmu na bayan Dandume har yau ni ake kawo wa takardar asibiti in karanta, shi ya sa ban saba da a fi ni sani ba.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da mai ɗakina, Hajiya. Ita ce haƙori ya hana sakat. An ce wasu likitoci sun zo Funtua da na'urar da ke duba haƙori da haske kawai, ba allura, ba ƙwaƙula. Ni rakiya ce tawa. Shekarata saba'in ban san ciwon haƙori ba, kuma sai da na tabbatar kowa a motar ya ji wannan.

Kaka ce. Masara shanye a bakin titi, dawa ta sunkuyar da kai, motocin rake suna wuce mu suna rangaji. Kuɗin mota ya ƙaru. Direba ya ɗora laifin a kan fetur, shi kuwa fetur ba ya da bakin kare kansa. Na laluba aljihu na jefa guntun mazarƙwaila a kuncina na hagu, kamar yadda na saba in zan tafi gona. Sukari kam na daina shi tuntuni, shayina ma gaya nake sha. Amma mazarƙwaila raken fadamarmu ne, a gabana ake dafa ta, ban taɓa sa ta a layin sukarin kanti ba.

A Funtua muka karya da koko da ƙosai kusa da tasha. Ƙosan ya yi ƙanƙanta har sai da na tausaya masa. Daga nan keke ya kai mu asibiti.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autarmu ba. Ta duba Hajiya, ta ce kogo ne, za a cike. Sai ta juyo.

"Baba, tunda ka zo, buɗe mu gani."

Na buɗe baki da alfahari. Ta sa wani abu kamar biro mai fitila a kai. Sai ga turamen haƙorana a allo, manya-manya, suna ƙyalli kamar ƙwan zabi idan an ɗaga shi a rana don a ga ko ya lalace. Ta ce haka abin yake: lafiyayyen haƙori haske yana ratsa shi, inda ya fara ruɓewa kuwa sai ya yi duhu. Ta nuna wata 'yar inuwa tsakanin turame biyu na hagu.

"Baba, me kake ajiyewa a wannan kuncin?"

Na shiga gyara hula. Hajiya ta amsa a madadina, har da bayanin inda nake saye.

Likita ta ce bai zama rami ba tukuna. Ta shafa wani magani, ta ce in haɗa asuwaki da man goge baki, in rabu da zaƙin nan. In na ƙi, turaman da nake tauna da su ne za su fara tafiya.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar a raina. Mu manoma ba ma jira sai gari ya zubo daga buhu kafin mu san ƙwari sun shiga masara. Hannu muke zurawa mu duba tun ƙwayar tana da kyaun gani. Amma jikinmu sai ya yi ihu muke yarda akwai abu. Ashe ciwo shi ne na ƙarshen zuwa. Shekara da shekaru ina ɗaukar shirun bakina a matsayin lafiya.

Da la'asar muka iso gida. Ina cire takalmi dabara ta faɗo mini.

"Hajiya, ai hagu likita ta ce. Ban ji ta ambaci dama ba. Sai in mayar da mazarƙwailar can."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mayar, Malam. Dama kunu ba ya ba ni wahala. Naman layya kuwa in ya zo, ni zan tauna naka, kai ka yi ta karanta mana takarda."