Ba-Burki da Akwatin Kamfani

To, gyara zama ka rubuta yadda na faɗa. Labarin ƙanen kakarka ne, wanda ake ce wa Ba-Burki.

Direban bas ne, tun yana da suma har kan ya koma kamar bayan kwano. A tasha ya samo sunan, don shi a wurinsa taka burki gazawa ce. Bai taɓa tambayar hanya ba. In ya zarce mararraba, sai ya ce wa fasinja matsar da ita aka yi.

Ana nan sai aka kakkafa wasu turakun ƙarfe a bakin titi, kowanne da faranti mai shan rana a ka. Kamfanin su Ba-Burki kuma ya liƙa wa kowace mota ɗan akwati gefen sitiyari. Akwati ya gaya wa turke halin da mota take ciki, turke ya gaya wa akwatunan motocin baya, duk ta iska. In mota ta mutu bayan kwana, na baya zai ji tun bai iso ba.

Manaja ya tara direbobi ya ce, "Duk wanda ya taɓa akwatin nan, ya ajiye min makulli."

Ba-Burki ya ce, "Yallaɓai, har ni? Ni da na san kowane ramin titin nan tun yana jariri?"

"Har kai, Baba."

Da ya haƙura, to amma akwatin da muryar mace yake magana. Ranar farko, mota cike, yana zuba gudu, sai aka ji, "Rage gudu, kwana a gaba."

Wata tsohuwa mai kwandon kaji a cinya ta ce, "Direba, uwargida ce ta biyo ka aiki? Ka ji maganarta mana, ta fi ka hankali."

Mota ta kwashe da dariya, labari kuma ya riga shi isa tasha. Daga ranar, da ya fita gari sai ya zare wayar akwati ya jona rediyonsa a wurin. In ya kusa tasha ya mayar, ya shigo yana gaishe da manaja kamar na Allah.

Yana da suruki, mijin 'yarsa, mai tuƙa tankar ruwa a kamfanin. Shi wannan, in akwati ya yi tari ma sai ya rage gudu. In ya zo gaisuwa, Ba-Burki ya sa shi gaba.

"Kai dai da akwatin nan zai ce ka sauka ka tura tanka, da ka tura."

Suruki ya sunkuyar da kai. "Baba, ai bai taɓa yi min ƙarya ba."

"To ka je ya ba ka mata."

Wata rana da hantsi, bas ta yi tari ta mutu bayan wata muguwar kwana, rabinta a kan titi. Fasinja suka sauka suka nemi inuwa. Ba-Burki ya yi abin da direbobi suka gada: ya karyo ganye ya jera a titi har gaban kwana. Ya tsaya ya kalli aikinsa, ya ce wa fasinja, "Kun ga akwati na gaskiya. Ba ya son batir."

Ya tafi neman makanike a ƙafa. Bai yi nisa ba garken awaki ya ɓullo. Su ba ruwansu da dokar hanya, suka bi layi suka cinye sanarwa tas.

Sai ga suruki da tanka cike. Akwatinsa shiru, turke shiru, don bas ba ta gaya wa kowa komai ba. Ya sha kwana hankali kwance, ya zuba wa bas ta baya. Kujerar ƙarshe ta je ta gaishe da ta tsakiya, ruwa ya malale titi. Allah ya tsare ba kowa a ciki. Suruki ya sauko da haƙori ɗaya a hannu.

Ba-Burki ya dawo a guje. "Makaho ne kai? Ba ka ga ganye ba?"

"Wane ganye, Baba?"

Aka waiwaya. Wata akuya na tsaye tana tauna na ƙarshe, tana kallonsu.

Manaja ya iso. Bai yi faɗa ba. Ya leƙa gaban bas, ya tarar rediyo na ta kiɗa, wayar akwati na lilo. Ya miƙa hannu kawai. Ba-Burki ya laluba aljihun da ya san ba makulli, ya sake laluba shi, hannun manaja bai sauka ba. Ya bayar.

'Yarsa ce ta je ta yi ta kuka a ofis, har aka tausaya aka ba shi wani aikin: tsumma, bokiti, tsani da keke. Ya bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya yana goge musu kashin tsuntsu. Keken kuwa, manaja da kansa ya duba burkinsa.

Haka ya ƙare, a saman tsani. Direbobi in za su wuce su danna hon su leƙo: "Baba, a gaida uwargida." Shi dai sai ya ci gaba da goge farantinsa. Amma in akuya ta gifta, sai ya sauko tun daga sama ya nemi dutse.

Ka rubuta laifin awaki ne. Haka ya ce a riƙa faɗa.