Bugun da Muttaka Bai Gani Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 9 ga Nuwamba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Muttaka Attahiru, ɗan damben da makaɗa ke kira Bangon Dauran, a wani asibiti a Gusau, kwana uku bayan dambensa na ƙarshe a Shinkafi. Shekararsa talatin da takwas. Mijin ƙanwata Kubura ne. Ni ne Hafizu, malamin firamare a Kaura Namoda, wanda ya taɓa rantsuwa ba zai ba ɗan dambe ƙanwarsa ba.

Muttaka, kafin a sallace ka liman ya juyo ya ce duk mai wani abu a ransa ya yafe maka. Jama'a suka ce sun yafe. Leɓena ya motsa tare da nasu, amma Allah Ya san ban furta ba. Yau kwana goma sha biyu kalmar tana maƙale a wuyana, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ranar da ka zo neman aure na tambaye ka yadda mai sana'ar shan naushi zai riƙe iyali. Ka yi dariya ka ce, "Malam, dubi huskata da kyau. Ka ga tabo ko guda? Waɗansu bugu sunka koya, ni tarewa nik koya." Na duba, ban ga tabo ba, na ji haushi. Daga baya ni da ke aibanta dambe na koma mai riga kowa zuwa fili, ina fakewa da cewa suruki na rako.

Ba ni kaɗai ka ci da hali ba. Daga rumfarka ta fawa, kowace Juma'a sai ka aiko wa mahaifiyarmu Yalwa hanta, don ka lura haƙoranta sun daina iya tsoka. A Zurmi na ga zaren hannun abokin karawarka ya warware ana tsakiyar turmin dambe. Da wani ne, nan zai gama da shi. Kai ka ja da baya, ka mayar da hannuwa bayanka har aka sake ɗaura masa. 'Yan kallo suka yi ta maka ihu, ka ce su yi, ba su ne za su kwana da abin a rai ba.

Yanzu zan faɗi abin da ka ce in rufe. Shekara uku da suka wuce wani likita a Sakkwato ya gaya maka idonka na dama ya mutu, ko da yake mai kallonka ba zai gane ba. Mu uku muka sani bayan kai: ni, da Kubura, da Sabo, wanda ya shekara goma sha biyar yana ɗaura maka zare yana haɗa maka dambe. Mai ɗaure hannun dama ta hagunka bugunsa ke zuwa, inda idonka mai lafiya yake. Bahago ne kaɗai ke kawo bugu ta dama. Shi ya sa ka daina karawa da bahago, mutane suka ɗauka wani malami ne ya hana ka. Bara da kaka ka shigo zaurena ka ajiye zarenka a gabana ka ce, "Malam, ga shi. Na bari har abada." Yana cikin akwatin littattafaina har yanzu.

Ranar Alhamis ɗin da ka yi damben ƙarshe ka ce wa Kubura kasuwar Shinkafi za ka, sayen awaki. Ka tsaya a ƙofar makarantarmu a kan babur, ka ɗaga mini hannu ka ce, "Malam, mi za a sawo maka?" Na ce albasa. Bayan rasuwarka ne Kubura ta duba ƙarƙashin gado ta tarar kambun da kake ɗaurawa a damtse in za ka dambe ba ya nan. Da an ce makaɗa ne suka buga takenka, tsuma ta kama ka, da na yi maka uzuri. Amma tun daga gida ka ɗauki kambun. Ka dubi idona ka tambaye ni tsaraba, kana sane da inda za ka. Wannan ya ci mini rai, Muttaka, ba zan ɓoye maka ba.

Na kalli bidiyon damben a waya har na daina ƙirgawa. Sabo ya haɗa ka da Ɗanasabe, matashin da duk ƙasar nan ta san hannun dama yake ɗaurewa. Sai da ka yi kirari ka tsaya tsakiyar fili ya fito daga cikin mutanensa da hannun hagu a ɗaure. Na ga ka waiwaya ka dubi Sabo. Na ga Sabo ya sunkuya yana gyaran takalmi. Kowa ya san wanda ya yi kirari ba ya komawa ya zauna.

Masu cewa tsufa ne ya kama ka, garkuwarka ta mutu, su sake kallo. A turmin farko Ɗanasabe ya kawo bugu goma sha ɗaya. Tara ka tare da buɗaɗɗen tafin hagunka, biyu ka sunkuya suka wuce iska. Haɓarka na bayan kafaɗa, nauyinka na kan ƙafar baya, kana karkata kai kamar kaza mai duban shaho don idon hagu ya yi aikin biyu. Ban taɓa ganin ka tare da kyau irin na ranar ba. A turmi na biyu yaron ya daina kawo bugu. Ya koma zagayawa, taku ɗaya, taku biyu, kullum ta damanka, kai kuma kana juyawa kana nemansa. Wanda ba a gaya wa ba, ba ya irin wannan zagaye. A na uku ƙafarka ta makara da taku ɗaya. Bugun ya sauka a bayan kunnenka na dama, tafin hagunka na nan a miƙe daidai inda ya kamata, yana tare wurin da babu kowa. Ko ƙifta ido ba ka yi ba, domin ba ka gan shi ba.

Ka tashi, ka rungumi yaron, ka ɗaga hannunsa. Ka hau babur ka dawo Kaura, har da albasata. Juma'a ciwon kai da amai suka fara, Asabar muka kai ka Gusau.

A zaman makoki na ja Sabo gefe na tambaye shi wa ya gaya wa mutanen Ɗanasabe maganar idonka. Ya ce, "Malam, kwana na yaƙ ƙare." Na ce na san kwana ya ƙare, ba shi na tambaya ba. Alhamis ɗin da ta wuce an ga Sabo a Shinkafi, Ɗanasabe ya miƙa masa hannu yana ɗaura masa zare.

Jiya 'yarka Salima ta dawo daga makaranta tana kuka, wai yara sun ce an buge babanta don ya tsufa. Na zaunar da ita na nuna mata turmin farko, muka ƙirga tare, tara da biyu, sannan na gaya mata maganar idonka. Ta ce, "Kawu, ashe da ido ɗaya ya yi duk wannan?" Na ce da ido ɗaya. Ta ce, "To me ya sa kake fushi da shi?"

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwata Kubura, da Salima da Mubaraka, da dangi a Dauran, da mahautan Kaura Namoda. Allah Ya ba mu haƙurin da ba mu da shi. Ya Allah, ga bawanKa Muttaka ya zo maKa. Ka jiƙan sa, Ka yalwata masa kabari, Ka haskaka masa shi dama da hagu, Ka tare masa azaba kamar yadda ya ƙi bugun wanda zarensa ya warware.

Sabo, tsakanina da kai sai gaban Allah, ban kai nan ba tukuna. Kai kuwa Muttaka, ka yi mini ƙarya, ka saɓa alkawari, ka bar mini marayu biyu da zare a akwati. Abin da ban faɗa a sahu ba, ga shi yau da bakina, Allah Ya shaida: na yafe maka.