Ɗan Farin Baƙuwata

Ni dai tun ina yarinya bakina ba ya zama. Boko aji uku na yi, allo ma ban yi nisa ba, amma in magana ce, to a ba ni wuri. A gidanmu na Dubeli, cikin Jimeta, da hantsi in maza sun watse, sai mata su fara shigowa, wannan da shinkafar tsinta, waccan da gyaɗar ɓara. Kowace da abin da ya kawo ta. Ina kan tabarma ina tsinke zogale ina raba musu hankali. Daga komai nake ciro darasi. Tukunya ta ƙone, in ce kun gani, haka zuciya take in an cika mata wuta. Akuya ta tsinke igiya, nan ma in sami abin faɗi. Suna ta cewa, "Kai Hajja, ke a rediyo ya kamata a sa ki." Ina cewa ku bari mana, alhali daɗi kamar ya kashe ni.

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya, muna ganin mutane suna tsallako gada da ƙafa, wasu da katifa a ka, wasu ba ko takalmi. Maigidana ya shigo da wata mata da 'yarta budurwa. Matar amininsa ce da suka yi cinikin shanu tare, shi mijin ya rasu tun kafin tashin hankalin. Bafulatana ce, doguwa, ta girme ni, don haka nake ce mata Adda, wato yaya da Fulatanci. Ƙafafunta sun kumbura sun tsage. Ni da kaina na gasa mata su da ruwan zafi, na share musu ɗakin kusa da madafi. Wannan kam na yi, kuma da zuciya ɗaya na yi.

A bakin 'yar na ji labarin, muna wanki. Su uku suka fito, da yayanta, saurayi mai gyaran babur. A hanya aka buɗe wuta, kowa ya faɗa daji, tun daga nan ba su sake ganinsa ba. Shi ne ɗan farin Adda.

Na taso cikin Fulani, kakata ta wajen uwa ma 'yar cikin Yola ce, saboda haka ba zan ce ban sani ba. Mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ko da wuta ce ke cinsa. Adda ba ta taɓa ambatonsa ba. Amma ni mai kunne ce, mai ido kuma. In aka yi sallama a ƙofar gida da muryar saurayi, sai hannunta ya tsaya cak a kan rariya, sai an amsa an ji ko waye, sannan ta ci gaba da tankaɗe.

Duk da haka na mai da ita allon karatuna. Wata ta zo tana kuka an rufe shagon mijinta saboda kasuwa ta mutu, na ce, "Ke rufe mana baki! Shago ne ya mutu ko uwarki? Dubi Adda. Gida ya tafi, gari ya tafi, ɗa ya tafi, kin taɓa jin ta ce uffan? Wannan shi ne mutum ya yi girma." Mata suka juya suna kallonta kamar an kawo sabon zane. Ita kuwa ta sunkuyar da kai. Kullum sai na ja ta cikin maganata, kullum sai ta sunkuyar.

Akwai 'yar hayarmu, malamar firamare ce, Kirista daga wajen Numan. Ran Asabar takan bi matan cocinsu kai abinci sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan gari. Wata Asabar ta dawo ta same mu a cike, ni kuma na gama zuba bayani ke nan a kan cewa abin da ya wuce a bar shi ya wuce, mai waiwaye shi ke tuntuɓe.

Ta ce, "Mama, a can suna rubuta sunan waɗanda ya ɓata. Kin ba da suna, in shi ma ya ba da naki, sai su haɗa ku. Yau na ga wani mata ya samu yaranta biyu. Wannan baƙuwa naki ba ya neman kowa?"

Mata suka zuba mini ido. Abin da ya dace na san shi sarai: in ce to Malama, an gode, in bari a watse, in aika 'yar da sunan yayanta, ba tare da an sa uwar ta buɗe baki ba. Amma yanzun nan na ce kada a waiwaya, ga wata ta shigo da waiwaye a gaban almajiraina. Sai na ɗaga murya.

"Adda, kin ji Malama. Gaya mata da bakinki. Akwai wanda kike nema?"

Mata wajen goma, har da yara. Adda ta dubi tabarma. Sannan ta ce, "Babu, Hajja."

Na tafa hannu. "Kin ji ko, Malama? Ku 'yan boko komai sai an rubuta. Ita ta riga ta kai nata rijistar wurin Allah." Aka kwashe da dariya. Malama ta ce, "To, Mama," ta shige ɗakinta.

Da la'asar 'yar ta same ni a madafi. Ta ce, "Hajja, don Allah ki bar ni in bi Malama in ba da sunan Hamma." Haka take kiran yayan nata. Na ce, "Uwarki ta ce babu a gaban jama'a, ke ce za ki ƙaryata ta? Kuma budurwa kamarki, a hannuna kike, me zai kai ki cikin gardawan sansani?" Ta tafi tana goge ido. Sau biyu Malama ta sake yi mini maganar, ina ce mata an bar wa Allah.

Wajen wata biyu bayan nan wani tsohon tela ɗan garinsu ya zo. A kasuwar Jimeta ya ji inda suke. Da yake dattijo ne aka shigo da shi tsakar gida, bayan azahar, ba kowa sai mu. Ya gaisa, ya zauna, sai ya ɗaga hannu ya fara addu'ar ta'aziyya. Da ya ga fuskokinmu ya sauke hannun.

Ya ce, "Ashe ba ku sani ba?"

Yaron ya iso sansanin nan na bayan gari da rauni a cinya, ya ruɓe a hanya. Sati uku ya yi a kwance. Ya ba masu rubutu sunan uwarsa da na ƙanwarsa, kuma kullum in sun wuce sai ya tambaya ko wani ya zo. Telan yana cikin waɗanda suka yi masa sutura. Na tambayi lokacin, na lissafa a zuciyata. Ranar da na tafa hannu yana nan da ransa. Daga ƙofar gidana zuwa inda yake, hawa ɗaya ne a keke mai ƙafa uku, ba canji.

'Yar ta faɗi tana birgima. Adda ba ta motsa ba. Ta ce wa telan, "Kun sha rana. A kawo muku ruwa." Ta tashi da kanta ta ɗebo, ta durƙusa ta ba shi.

Bayan ya tafi, shirun ya fi ƙarfina, bakin nan nawa ya buɗe. Na ce, "Adda, ai kowane rai da ranarsa, in Allah ya..."

Ta ɗago ta dube ni a ido, karo na farko tun zuwanta.

"Hajja, adana wa'azin sai gobe da hantsi. Yanzu ba kowa, zai tafi a banza."

Ba ta ƙara ce mini komai ba sai gaisuwa. Da hanya ta buɗe suka koma. Ranar tafiya ta yi godiya cikakkiya, ta lissafa ɗaki da abinci da ruwan zafi, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ta yi wa maigidana addu'a har ya yi ƙwalla. Shi har ya rasu bai san abin da na yi ba.

Duk sallah nakan kira. 'Yar ce ke ɗauka, yanzu tana da yara uku. In na ce a ba ni Adda, sai in ji takun ƙafarta zuwa wani ɗaki, in ji ta ce, "Dada, Hajjan Jimeta ce." Sai shiru. Kunnena bai mutu ba, da an yi magana da na ji. Can sai 'yar ta dawo kan layi.

"Ta ce tana gaishe ki, Hajja."