Ranar da Inna ta ruga wajen motar kame

Ko zan manta komai na zamana a Makka, ba zan manta la'asar ɗin da na kusa jawo wa mahaifiyata kora da hannuna ba, kuma a kan wani tsohon fim da ya kusa sa'ar kakana.

Gyaran talabijin da sifika nake yi a wani ɗan shago a unguwar Misfala. Ni na samu iƙama, wato takardar zama, ta hannun mai shagon, amma Inna ba ta da ita. Ta Chadi ta shigo da ni ina goye, kuma tun da na yi wayo ban ga ta wuce bakin lungunmu ba sai da dalili mai ƙarfi. Waina take soyawa a gida, maƙwabta su aiko. In aka ce motar kame ta shigo unguwa, ko tari Inna ba ta yi. Wanda aka kama ba takarda, sai tsarewa, sai jirgi ya mayar da shi ƙasarsu, ga shi ita ba ta da sauran kowa a can.

Wata rana wani dattijo Balarabe, mayen tsofaffin finafinai, ya kawo mini manyan sifikunsa biyu da faifai guda na gwaji. Ya ce, "Wannan na farkon lokacin da fim ya fara magana ne. Jiragen gaske suka tayar sama. In ƙarar ba ta kaɗa maka haƙarƙari ba, to ba ka gyara ba." Ni kuwa da son a ce na iya, na kwashi kayan na kai gida don in gwada a tsanake.

Fim ne baƙi da fari, hoton har dishi-dishi yake yi. Jirage masu fukafukai hawa biyu sun cika sama, matuƙan kansu a waje, iska na kaɗa musu ƙyallen wuya. Wannan ya bi wancan, wancan ya kife yana hayaƙi. Abin ya tafi da ni, na murɗa ƙarar har ƙarshe. Sai ga wani jirgi ya sunkuyo kan wani ƙauye da irin kukan nan mai tsinka hanji, bindiga na tatata, tagar ɗakinmu na rawa. Wallahi dariya nake yi, ina cewa aiki ya yi kyau.

Sai na ji tasa ta faɗi. Na waiga na ga Inna ta fisge farin hijabin da ta yi salla da shi ta yar, ta bangaje ƙofa ba takalmi. Matar da gwiwa ke hana ta hawa bene, ban cim mata ba sai a bakin titi.

Lokacin aikin Hajji ya gabato, kame ya yi tsanani. Ina fitowa na hango motar a bakin lungu, wani matashin jami'i tsaye a gefenta. Na ɗauka za ta juyo. Ina! Kansa ta nufa kai tsaye, ta cafki hannun rigarsa tana ja ƙasa.

"Ɗayyara! Jirgi! Kwanta, ɗana, kwanta!"

Na ga hannunsa ya tafi ƙugu, wajen bindigarsa. Ban san lokacin da na ɗaga hannuwana sama ba, ina cewa, "Ummi ce, ummi! Uwata ce!" Ita kuwa ta riga ta kife a kan kwalta mai zafi, hannu ɗaya a ƙeya, ɗayan riƙe da ƙafar wandonsa. Daga tagarmu jiragen na ta ruri, don ko kashewa ban yi ba.

"Fen iƙama?" ya tambaye ni da Larabci, wato ina takarda.

Na miƙa tawa. Ya duba, sannan ya dubi Inna. Na san tata takardar zai tambaya. A 'yan daƙiƙun nan na gama ganin ɗakinta babu ita, da tandar waina a kife. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ya ɗaga kai wajen tagar, ya saurara, ya tambaye ni me take faɗi. Na ce cewa take ya kwanta kada jirgi ya harbe shi. Can ya durƙusa ya zare yatsunta daga wandonsa a hankali, ya ce, "Ya Hajja, babu jirgi." Ya cusa mini takardata a aljihu, bai dube ni ba. "Shigar da ita. Ban gan ta ba."

Sai da na kashe na'urar, na shafa mata mai a gwiwoyin da kwalta ta ƙona, sannan ta yi magana. Ta ce a garinsu, lokacin yaƙi, in jirgi ya zo ba a zama cikin ɗaki kuma ba a sa fari, domin daga sama fari ake fara gani. Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Na ce, "Amma Inna, motar kame fa kika tarar."

Ta ce, "Na gan ta sarai. Ƙanena ma haka ya tsaya a tsaye ran da jirgi ya zo, na gudu na bar shi. Ba zan sake barin ɗan wani a tsaye ba."

Washegari na mayar wa dattijon kayansa, ya yaba aiki, ban iya ko murmushi ba. Abin da na koya shi ne, abin da wani ke kallo don nishaɗi, wani da ƙafarsa ya gudo daga cikinsa. Na girma a ɗaki ɗaya da Inna ina zaton motar kame ce babban abin tsoronta, ban taɓa zama na tambaye ta me ya koro ta ba. Yanzu ina tambaya, kuma ba na gwada sifika a gida.