Ranar da na fara ganin maza da gammo

Shekarun baya, ina budurwa a ƙauyenmu kusa da Ibohamane, akwai wani fako a bayan gari wanda ko akuya ba ta tsayawa a kansa. Da furoje, wato wata ƙungiyar raya karkara, ta zo da aikin gyaran ƙasa, maza duk sun tafi ci-rani, sai ya zama mata ne suka ɗauki aikin. Mu kwaso duwatsu a ka daga gindin tudu, mu jera su layi-layi don su tare ruwan sama. Mahaifiyata ce shugabar matan. Ni kuwa, a faɗi gaskiya, na ƙware wajen zaɓen dutse mai faɗi marar nauyi, ina nishi kamar na ɗauko turmi.

Da aka yi 'yan damuna ƙasa ta kwanta a bayan duwatsun. Ciyawa ta fito, muka gwada shuka gero, ya yi. To, a nan ne fakon ya samu iyaye. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya jagoranci maza zuwa wurin maigari, suka ce wurin gadon kakanninsu ne, bana su za su shuka. Aka kira mata don a sanar da su kawai.

Mahaifiyata ta durƙusa ta gaida maigari, ta saurara har aka gama. Sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, gaskiya sunka hwaɗi. Ƙasa tasu ta, ba mu musu. Amma duwatsu namu na, da wuyanmu munka kawo su. Gobe mu kwashe abinmu, su shuka ƙasassu lahiya."

Maza suka yi dariya, ni kuma na ji kunya ta kama ni. Na ɗauka Inna ta faɗi ne don kada a ce ba ta ce komai ba.

Washegari sai ga mata da gammonsu. Muka fara ɗebe layin farko muna mayarwa gindin tudu, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kowa ya san ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke ƙasar nan, ta koma fakonta. Raina ya ɓaci sosai, domin wahalarmu ce muke rushewa da hannunmu. Na ga Inna tana share hawaye da bakin zane, amma ba ta ajiye dutsen ba.

Kafin azahar kawuna ya iso yana haki. Ya ce, "Yaya, mi kike yi haka? Kashe wurin za ki yi, kowa shi rasa?"

Ta ce, "Ni na goye ka, ba ni son ka kwana da yunwa. Ba mu ce a kore ku ba. Gonag ga ta ishe mu duka, ɗiyanmu ɗaya, tukunyammu ɗaya. Amma wanda duk ka son rabo, shi maida dutse da kainai."

Ta sauke gammonta ta miƙa masa.

Yanzu ɗiyata tana karatu a Yamai, tana yawan turo mini muhawarar matan Afirka a waya, a kan ko neman haƙƙin mace faɗa da maza ne. Ina saurare, ina jin daɗinsu ƙwarai. Sai dai duk lokacin Inna nake tunowa, Allah ya jiƙanta. Ba ta bar haƙƙinmu ba, ba ta kuma yar da ƙaninta ba. Har yau ina noma rabona a wurin, kuma iyakar gonata da ta kawu layin duwatsu ne.

Ranar dai kawu ya karɓi gammon, ya ɗora a ka, sauran maza suka iso suka bi sahunsa. Ya sunkuya zai ɗauki wani mai faɗi marar nauyi, irin nawa, sai Inna ta ce, "Aje wannan, na ɗiyata na. Ɗauki wancan."